Ku Cire Hotona Daga Littafin Tallarku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Makarantar Koyon Kasuwancin da na yi karatun MBA a cikinta, a nan Landan.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Sunana Lawal Isa Rigasa. Ba za ka tuna ni ba, ko da yake fuskata tana cikin littafin tallar da kuke rabawa a ƙasarmu. Da gangan na rubuta wannan da Hausa. Na sha aiko maka takarda da Turanci, ko amsar gaisuwa ban samu ba. Wannan karon iyayen da kuke farautar 'ya'yansu za su riga ka karantawa. In kana son sanin abin da ke ciki, ka nemi tafinta.

Na farko. A ƙarshen shekarun tamanin, ina mataimakin manaja a wata masaƙa a Kaduna, wakilinku ya tara mu a otal. Ya ɗaga wata mujalla mai jera makarantun kasuwanci daga ta sama zuwa ta ƙasa, ya ɗora yatsa a kan sunanku can kusa da sama. Ya ce wanda ya fito daga wurinku kamfanoni ke rububinsa, albashinsa kuma ninkawa yake. Na tambaye shi ko har da ɗan Najeriya mai bizar karatu. Ya yi murmushi, ya ce takardarku ba ruwanta da ƙasar mutum.

Yayana Musa direban gingimari ne. Mota ɗaya gare shi, da ita yake riƙe gidanmu tun rasuwar mahaifinmu. Bai yi boko ba, amma na fassara masa abin da mujallar ta ce. Ya sayar da motar don in zo wurinku, ya koma tuƙa ta wani.

Na biyu. Na gama da sakamako mai kyau, ku duba in ƙarya nake yi. Kamfanoni sun zo makaranta neman ma'aikata, haka ne. Hira takan yi daɗi har sai an zo kan fasfo, daga nan sai a ce za a neme ni. Na je ofishinku mai nema wa ɗalibai aiki, matar da ke wurin ta ba ni shawarar in cire shekarun da na yi a masaƙa daga takardata, wai ba wanda zai lissafa su a nan. Wanda ya ɗauke ni a ƙarshe Alhaji Baba ne, mutumin Kumasi da muka saba a masallacin Whitechapel, mai shagon aika kaya Ghana da Najeriya. Ina ɗaure kwali, in auna, in ɗora a mota, in koma ɗakina a Stratford. Ban raina aikin ba, halal ne, kuma Alhaji bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Na uku. Wata rana matar nan ta ofishinku ta bugo waya shagon, ta ce ana tara bayanin tsofaffin ɗalibai saboda masu jera makarantu. Na gaya mata abin da nake yi. Ta ce, "Wato harkar fitar da kaya ƙasashen waje kake yi ke nan?" Na ce mata, "Kwali nake ɗaurewa, Madam." Ta yi godiya ta ajiye. Da littafinku ya fito, sai ga hotona da rigar kammala karatu, an rubuta cewa ni manajan fitar da kaya ne a wani kamfanin ƙasa da ƙasa, a gefe kuma ga albashin da kuka ce irinmu na ɗauka. Joseph, ɗan ajinmu da ke gadi a wani asibiti a Camberwell, shi ma ta buga masa, ya faɗi gaskiya. Shi sai kuka sa shi cikin waɗanda wai ba a same su ba. Da haka kuka ƙara hawa sama a shekarar.

Na huɗu, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Wani ɗan maƙwabcinmu ya samo littafin nan wurin wakilinku, ya kai shi tasha, ya karanta wa Yaya Musa a gaban direbobi, yana taya shi murna. Ni kuwa shekara da shekaru ina gaya masa halin da nake ciki, ina aika ɗan abin da ya samu ina ba shi haƙuri. Sai ya ɗauka ɓoye masa nake yi. Wa zai yarda Turawa za su buga ƙarya a takarda mai sheƙi? Ya aiko mini kaset ta hannun wani matafiyi. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Lawal, ban taɓa cewa ka maido mini da mota ba. Amma da ka gaya mini Allah ya buɗa maka, da ni ma na yi murna." Na aika masa hotona a cikin shago da igiya a hannu, aka ce mini ko kallo bai yi ba. Na roƙe ku layi biyu a kan takardar makaranta cewa kuskure kuka yi, in kai masa. Ba ku ba ni ba. Ya rasu daminar bara bayan gajeriyar jinya, bai sake yi mini magana ba. Abin da na aika na sadaka, matarsa Yaya Hajara ta dawo mini da shi.

Na biyar. Ga abin da na yi, don kada ka ji a bakin wani. Ni da Joseph mun nemo 'yan ajinmu da kuka ɓatar daga lissafi, kowa ya rubuta wa mujallar ainihin aikinsa, ya sa hannu. Alhazan Arewa masu gidaje a garin nan suna kawo kayansu shagonmu, kuma babu wanda na bari ya fita bai ji labarin ba. Wasu sun riga sun janye 'ya'yansu daga wurinku, kun san su, ku duba waɗanda suka fasa zuwa. An ɗauki wasiƙar nan a kaset, za a saurare ta a tashoshin mota na Kaduna da Kano da Zariya. Na kuma ji wakilinku zai koma otal ɗin nan bayan Sallah. Na riga na yanki tikitin jirgi. Zai same ni a layin gaba da kayan aikina a jiki, kuma da zarar ya buɗe shafin da hotona yake zan miƙe tsaye.

Buƙatuna kaɗan ne. Ku cire hotona da sunana daga duk abin da kuke bugawa. Ku gaya wa masu jera makarantu yadda kuka yi lissafinku. Sannan kai da kanka ka rubuta wa Yaya Hajara cewa ƙanin mijinta bai ci amanarsa ba, a karanta mata da Hausa a gaban 'ya'yanta. Ko kun yi duka ba zan fasa zuwa Kaduna ba. Ban yafe ba, kuma ba na neman in yafe.

Ina yi maka addu'ar lafiya da tsawon rai, ranka ya daɗe. Allah ya bar maka idonka garau da hankalinka cikakke, ya kuma bar ka a kujerarka, har ranar da za ka shiga zauren karɓar sababbin ɗalibai ka tsaya kana kallon kujeru babu kowa a kai.

Wassalam.

Lawal Isa Rigasa,
Stratford, Landan.