Gwangwanin Harsashi a Gindin Randa

Zuwa ga ɗan'uwana kuma taubashina, marigayi Sani maharbi na Dakusa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta Musulunci, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Ni ne Habu, makaniken moto na Zango a Damagaram, wanda kake kira Mai-baƙin-hannu. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake. Matarka Rakiya ce ta ce in rubuta, in sa inda jama'a za su karanta, kuma da na zauna sai na ga kai kaɗai zan iya fuskanta da wannan magana.

Ka san yadda ka tafi, amma ba ka san abin da ka baro ba. Ranar da kuka fita da hantsi kai da abokin farautarka Ilu, kuna bin dilan da ke ɗauke muku 'yan awaki, ka auna, ka ja kunama, bindiga ta ce ƙas, ba ta tashi ba. Ilu ya ce sai ya ga ka sauke ta, ka dafa gindinta a ƙasa, ka sunkuya. Nan ta tashi. A bayansa ya goyo ka har bakin hanya, kafin a isa likita a Takieta rai ya yi halinsa.

Jandarmomi sun zo, sun duba, suka ce hatsari ne. Gari bai yarda ba. Aka ce Sani da ke ɗura harsashinsa da hannunsa tun yana saurayi, bai taɓa ƙin tashi ba, yau rana tsaka? Ai ɗaure bakin bindigar aka yi. Aka tuno cacar bakin da kuka yi da Ilu bara kan iyakar gona, wadda ni na san tun a wurin kuka kashe ta da goro. Wallahi Sani, mutumin da ya goyo ka jininka na bin bayansa, shi aka daina amsa wa sallama. A masallaci ana barin gurbi a gefensa. Matarsa ta soya ƙosai ta koma da shi gida, ba mai saye.

Babban ɗanka Lawali ya dawo daga Agadas da zuciya irin taka. Ya ɗauki bindigar ya kai ɗakinsa, ya rantse a gaban mutane cewa mahaifiyarsa na fita takaba, shi da Ilu ɗaya zai bar duniya. Ba wanda ya ɗauka wasa yake.

Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai kwanson harsashin ne da jandarmomi suka maido.

Ka tuna ranakun Juma'a da nake zuwa, in same ka gindin itacen bedi ka baza kwansuna a kan buzu? Kai ka nuna mini hula, wannan ɗan ƙaramin ƙarfe da ke zaune a gindin kwanso, wanda ƙusar bindiga ke sara ya ba albarushi wuta. Kana tsokanata kana cewa, "Mai-baƙin-hannu, in harsashi ya ƙi, kar ka zagi bindiga, juya shi ka dubi hularsa." In saran ya yi sama-sama, ƙusa ce ta gaji. In ya kauce gefe, bindigar ce ta sukurkuce. In hular ta turo kai waje, mai ɗurin ne ya yi gaggawa bai zaunar da ita ba, kuma nan kake kallona kamar ni na yi.

Kuma kai ne mai cewa, "In ta ƙi, bar bakinta inda yake, ka karanta Fatiha ƙasa-ƙasa kafin ka taɓa ta." Sau nawa ka faɗa mini? Haba Sani! Kai da bakinka! Raina ya ɓaci da kai, kuma har yanzu bai gama hucewa ba.

Na roƙi Lawali ya ba ni kwanson, na juya shi a hasken rana. Saran yana tsakiya daram, ya shiga yadda ake so. Ƙusa lafiyarta lau. Hular ta zauna daidai, aikin hannunka ne, ko a ina na gan shi zan gane. Sai dai a kewayenta akwai wani tsanwa siriri, irin wanda ke fitowa a tsohuwar tasa. Na ce a kawo mini gwangwanin da sauran harsashin ke ciki. Kusan duk haka suke, tsummar da ka naɗe su tana warin ruma, gindin gwangwanin ya yi tsatsa har yashi ya manne masa.

Ban yarda da idona kaɗai ba. Na ari bindigar, na fita bayan gari inda ba kowa, na ɗaure ta a jikin aduwa, na sa igiya a kunama na ja daga nesa. Na farko ya tashi nan take. Na biyu ya ƙi sam. Na gaba ya ce ƙas, sai na fara Fatiha kamar yadda ka koya mini. Ina kai wa "Maliki yaumid-din" ya tashi, daji ya amsa. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarka. Hula ce ta sha danshi, wutarta ta riƙa ci a hankali. Da ka kai ƙarshen Fatiha, da yanzu kana gindin bedi kana zagina.

To amma danshi daga ina, a tsakiyar bazara, garin da ko yawu ka tofa kafin ya kai ƙasa ya bushe? Na san a kan kantar ɗaki kake ajiye gwangwanin, can sama, kuma ka hana kowa taɓa shi.

Na shiga gaida Rakiya, na tambaye ta a hankali ko ta san inda gwangwanin ke zama. Ko ɗar ba ta ji ba. Ta ce tun da ka cire rufin ƙasa ka buga kwano, wanda ka yi ta yi mana fankama da shi, ɗakin ya koma tanda. Wata rana tana share saman kantar ta taɓa gwangwanin ya ƙona mata hannu, ga jikokinku suna barcin rana a ƙarƙashinsa. Tsoro ya kama ta kada zafi ya tayar da su. Tun daga ranar, kana fita gona sai ta sauke shi, ta tura shi gindin randa cikin jiƙaƙƙen yashi, wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan. La'asar na yi ta goge shi ta mayar, don kada ka yi faɗa. Haka ta yi bazara guda. Tana faɗa mini tana ɗan murmushi, wai ko sau ɗaya ba ka kama ta ba.

Na ce mata Allah Ya ba da haƙuri, na fito.

Sani, kwanakin da suka biyo ban san me nake ɗaurawa a garaji ba. In na yi shiru, Lawali zai kashe Ilu, ya ƙare a gidan kaso ko a kabari. In na yi magana, na ɗora wa matar da ta yi shekaru tana jiƙa maka fura kayan da ba ta iya saukewa. Na so in ce wa Lawali danshi ne kawai. Amma ɗanka ne, zai tambaya daga ina, kuma in ban ba shi amsa ba zai ce Ilu ne ya yi wa harsashin tofi.

Da takaba ta kusa ƙarewa na koma. Na durƙusa a bakin ƙofarta, na gaya mata abin da hula ke yi in ta sha danshi. Ban kai ga maganar randa ba. Ta daɗe tana kallon kusurwar da randar take, sannan ta ce in kira mata Lawali. A gabana ta ce masa, "In mai hannu a mutuwar ubanka kake nema, ga ni, ba sai ka je gidan Ilu ba." Ta kwashe duka ta faɗa masa, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Yaron nan ya kifa kai a gwiwarta kamar ɗan yaye.

Washegari ya je gidan Ilu hannu sake, ya durƙusa. Ilu ya kama shi ya ɗaga. Harsashin kuma mun kai wa jandarmomi duka.

Rakiya ta ce maganar Ilu ta kai Damagaram, ta kai Agadas, to wankinsa ma ya kai can, ko da sunanta zai tafi. Shi ya sa kake ganin wasiƙar nan a bainar jama'a. Ilu ba shi da hannu. Wanda duk ya ja jikinsa daga gefensa a sahu, ya je ya nemi gafararsa.

Na san kwana ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma taubashi, bari in faɗa maka ɗaya da ba za ka iya ramawa ba. Ni da nake zuwa daga Juma'a sai Juma'a ka zaunar da ni ka koya mini komai. Ita da ke kwana ɗaki ɗaya da gwangwanin, "kar ki taɓa" kawai ka ce mata. Da ka ƙara mata kalma biyu, ka ce ba ya son danshi, ai da inuwa za ta nema masa.

Lafiyarta ƙalau, tana salla, tana kula da jikoki. Sai dai tun ranar ba ta ƙara shan ruwan randa ba. Na je makon jiya rana na tsaka, na tarar tana shan na jarka, wanda ya yini a tsakar gida, da zafinsa. Na ɗebo mata mai sanyi a moɗa, ta ce in ba yara.

Allah Ya jiƙanka, Sani, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Ya saka wa Ilu da alheri, Ya shiryi zuciyar Lawali. Ita kuma Rakiya, ya Allah, Ka sanyaya mata rai, Ka nuna mini ranar da za ta karɓi moɗar nan daga hannuna. Amin.

Naka har kullum,
Habu Mai-baƙin-hannu,
Zango, Damagaram.