Jan Fentin da Baba Bai Gani Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki.

Ummi, an shafa wa gidanmu na unguwar Sa'alaba jan fenti, alamar rusau. Doka ta ce ɗan ƙasa za a sama masa wani muhalli, mu baƙi masu iƙama, wato takardar izinin zama, kowa ya yi ta kansa. Maƙwabta duk sun kwashe. Saura mu, saboda Baba.

Kin tuna shekarar da aka yi ta zancen tallafin gyaran gidaje? Har kin zaɓi kalar tayil, sai aka ce ban da mu. Kika ja tsaki, kika ɗaure zani, kika kwaɓa siminti da kanki. Yaɓen ya fito a karkace, muka sha dariya. To yaɓen nan shi ne idon Baba tun da nasa suka rufe. Shi yake lalube daga ɗaki zuwa bayi, daga zaure zuwa masallaci.

Ba mu gaya masa zancen rusau ba. Da aka yanke wuta na ce waya ce ta ƙone. Da ya ji ƙarar katafila na ce titi ake gyarawa. Ya daɗe yana shafa bangon waje. Kin san maganarsa ta kullum: “Halas, magana ta ƙare, daga gidan nan sai makara.” Ga ciwon zuciya, likita ya hana a tayar masa da hankali.

Yaya Usman ya kama mana gida a saman bene a unguwar Safa. Ya sa na ce wa Baba gobe asibiti za mu. Ni zan riƙe shi zuwa mota, don tun rasuwarki ba ya miƙa wa kowa hannu sai ni. Har Baban ya ce in goge masa farar jallabiyarsa, kada likita ya gan shi a yamutse.

Tsoro nake ji, Ummina. In na faɗi gaskiya, zuciyar na iya tsayawa. In na yi shiru, zai biyo ni yana sa mini albarka, daga ranar kuma ban san hannun wa zai ƙara yarda da shi ba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya riƙe zuciyar Baba, ni kuma ya buɗe mini baki kafin mota ta iso.

'Yarki,
Maryam