Muryar Baba a Faifan Garmaho

Litinin, 5 ga Oktoba, 1998

Gwaggo Hajiya ta aiko a kira ni daga rumfar gyaran rediyo. Tana kwashe kaya za ta koma Katsina wurin ɗiyarta, sai ta ci karo da faifan garmaho a ƙasan adaka, nannaɗe cikin tsohon zane. "Ashiru, na ubanku ne. Kai ka san kan ƙarafa." Wasu baƙi suka ɗauki waƙarsa ta masunta a Maraɗi, 1967. Shekarata biyu ya rasu. Ban san muryarsa ba.

Laraba, 7 ga Oktoba

Na aro garmaho wurin wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Safo. Na ɗora. Ƙas, ƙas, shuuu, kamar ana suyar gyaɗa. Can ƙasa akwai gurmi, akwai mutum. Na kasa kunne har wuyana ya ƙage, ban tsinci kalma goma ba.

Alhamis, 8 ga Oktoba

Na wanke shi da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, na shanya a inuwa. Ƙas-ƙas ɗin ya ragu. Bai isa ba. Rediyo huɗu na jirana, ban taɓa ko ɗaya ba.

Juma'a, 9 ga Oktoba

Yaya Bala ya ji labari. Bayan masallaci ya tsaya da motarsa ta haya bakin rumfa, bai ko kashe ta ba. "Ka bar matacce ya huta. Bai ishe mu ba, a yi ta ce mana 'ya'yan maroƙi?" Na ce wanda ya fasa gurmin Baba ba shi da bakin magana. Shekara uku ke nan ban taka gidansa ba saboda gurmin nan, kuma ba zan taka ba.

Talata, 13 ga Oktoba

Sabuwar allura daga Ɗan Issa. Na ƙara wa hannun garmahon nauyi don ya daina tsalle, sai na ga baƙin gari a bakin allurar. Faifan nake cinyewa. Kowane ji, ragi ne. Na rufe shi. Hannuna sai ƙaiƙayi yake.

Asabar, 17 ga Oktoba

Maraɗi. Gambo, abokina tun lakwal, yana aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa, suna da ordinata, wato kwamfuta. Sau ɗaya ya juya faifan, sautin ya shige ciki. Ya nuna mini shi a gilashi kamar haƙoran zarto, kowane dogon tsini ƙas ɗaya ne. Muka yi ta yanke su ɗai-ɗai har la'asar. Ya ce, "A kwashe shuu ɗin ma?" Na ce a kwashe duka, kar a bar ko ƙwaya.

Lahadi, 18 ga Oktoba

Na kai wa Gwaggo kaset ina ta rawar jiki. Ta saurara, ta ce, "Wannan wane ne a cikin tulu?" Na ce Baba ne. Ta ce a'a. Na tambaye ta to yaya muryarsa take, ta ce kunnenta ya tsufa, ita dai ta san ba haka ba. "Ka tambayi Bala. Shi ya fi kowa zama kusa da shi."

Ba zan tambaya ba.

Alhamis, 22 ga Oktoba

Mun yi kala uku ni da Gambo. Ɗaya siririya, ɗaya mai kauri, ɗaya tsaka-tsaki. Maza uku daban. Wanne ne ubana? Na zagaya bakin tafkin garinmu sau biyu ban zauna ba. Gwaggo za ta tafi farkon wata.

Laraba, 28 ga Oktoba

A tasha motar Yaya ce kan layi, dole na shiga. Muka isa Maraɗi. Na sauka, ashe ya biyo ni. Ya tsaya bakin ƙofar ɗakin Gambo, hannu a baya. Aka sa masa kala ta farko. Aka sa ta biyu. Sai ya ce, "Kun aske shi. Muryarsa da gurgura take, ta mai kwana kan ruwa. Ku maido." Gambo ya maido da rabin shuu ɗin. "Ƙara." Ya ƙara. Sai ga mutum, har numfashinsa ana ji kafin ya ɗauki baiti.

Yaya ya zauna a ƙasa. Inda faifan ya yi tsalle ya haɗiye baiti, shi ya ƙarasa, a hankali, da waƙa. Ban taɓa jin ya yi waƙa ba. Ya share fuska da hula ya ce fasinja na jiransa.

Lahadi, 1 ga Nuwamba

Gwaggo ta ji sabon kaset. Ta ce, "Ɗan Baba!" yadda take kiran ubanmu, kamar ya yi sallama a zaure. Ta tafi da nata.

Juma'a, 6 ga Nuwamba

Atika, matar Yaya, ta aiko wai rediyonsu ya lalace. Na je. Pil ne kawai, batir ɗinsa, ya mutu, kowa ma zai iya sakewa. Aka kawo tuwo, Yaya ya turo mini kwanon. Na ci. Don dai kar a zubar ne.