Katakon da Na Karya a Istanbul

Zuwa ga Babana,

Ina sumbatar hannunka. Ya gwiwar Inna? Ka gaida 'yar'uwata Sevim da yaranta. Ni lafiya lau, tarin nan ƙurar rami ce kawai. In da mai tahowa, a aiko min da safar ulu.

Akwai abin da na kasa faɗa maka a waya. Ka san inda muke haƙa tashar jirgin ƙasa tsohuwar tashar jiragen ruwa ce, masu binciken kayan tarihi suna biye da mu. Ranar Talata motata ta haƙa ta taɓo wani baƙin katako a cikin laka. Na sauka na shafa. Baba, haƙarƙarin tsohon jirgin ruwa ne, haɗin turakun itace, irin jiragen da kake sassaƙawa sak.

Shugabanmu Kadir ya leƙo ya ce, "Erdal, itacen girki ne. In ka kira masu binciken, mu zauna wata shida ba aiki, jama'a kuma su ci gaba da tsufa a cunkoson gada suna jiran jirgin ƙasa." Ba ƙarya ya yi ba. Na hau mota na danna, katakon ya karye.

Da la'asar Malama Nurten, babbar masu binciken, ta miƙo min shayi ta ce, "Ɗan masassaƙi, idonka ya fi namu. Ka ga wani abu?" Na ce a'a, na shanye shayin.

Rabin jirgin yana nan lafiya, amma Litinin za a zuba kankare. Sau biyu ina zuwa ƙofar Malama Nurten ina juyowa. Ka yi min addu'a gobe in shiga in faɗa mata gaskiya.

Ɗanka,
Erdal