Kayan miyar Inna ba su da tambari

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kaina ya kulle.

A Dubai muke zaune, unguwar Karama, ni da maigidana da 'yarmu mai shekara uku, ga ni kuma da tsohon ciki. Tun bara da yarinyar ta yi fama da ƙuraje da ciwon ciki maigida ya canza mana cefane, ba likita ne ya ce ba, shi ne ya yi ta karance-karancensa a waya ya yanke cewa ba abin da zai ƙara shiga bakinta sai wanda aka rubuta organic. Ya zaunar da ni ya yi min bayani, wai organic sai an duba gonar an tabbatar ba takin zamani ba maganin feshi sannan a ba su tambari, shi kuwa natural kowa ma zai iya bugawa a kwali ya zana saniya a kan ciyawa. Mutum ne da zai tsaya a shago yana jujjuya robar madara kamar mai duba jabun kuɗi. Ban taɓa damuwa ba tunda lafiyarmu yake nema.

Sai mahaifiyata, Inna, ta zo daga Kano za ta zauna har in haihu ta yi min wankan jego. Kayan sawarta 'yan kaɗan ne, duk kilon jirginta a kayan abinci ya tafi, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, man shanu, geron kunu, wake, da zogalen da ta shanya da hannunta daga bishiyar tsakar gidanmu. Yana ganin ledojin nan ba rubutu ba tambari ya kira ni ɗaki ya ce kar a dafa wa yarinya ko ɗaya.

To su biyun surukai ne irin na da, ba ta kama sunansa, shi ba ya haɗa ido da ita, gaisuwa ce kawai a durƙushe ya wuce. Duk maganar da za su yi ta bakina take bi, a fulat mai ɗaki ɗaya da falo. Na lallaɓa na yi mata bayanin organic ɗin, ta yi dariya ta ce in gaya masa ai nata ma shi ne, zogalen nan banda kashin awaki bai san wani taki ba. Na kai masa, ya ce wa ya je ya duba, natural ne kawai, khalas, magana ta ƙare.

Ga abin da ya fi ɗaure ni. Waken nan a kasuwa ta saya, ina buɗe ledar warin maganin ƙwarin da 'yan hatsi ke zubawa ya buge ni. Ke nan a kan wake yana da gaskiya. Na tura shi can ƙasan kabad ban gaya wa kowa ba, in ya ji zai haɗa har zogalen ya ce a zubar, in ta ji za ta ce na bi bayan miji.

Inna sai ta koma dafa nata a ƙaramar tukunya in ya fita aiki. Yarinya kuwa ta maƙale mata, tuwo da miyar kuka take ci har da lashe hannu, yarinyar da sai na bi ta da cokali. Shekaranjiya da yamma ta ba babanta labari da murnarta. Ya ja ni ɗaki ya yi ta faɗa, wai ba zai yarda a ɗura wa 'yarsa abin da ba a san me ke ciki ba, wa ya sani ko guba ce. Bangon fulat ɗin nan ko tari ka yi ana ji, Inna kuma tana falo a kan sallaya.

Washegari da safe Inna ta tashi. Ta mayar da ledojinta cikin jaka ta zuge, ta ce in gaya masa ya canza mata tikiti, da abincin nan ta raine mu mu bakwai, ba ta san yana kisa ba. Na yi kuka na roƙe ta, ta ce ba fushi take ba, amma ba ta ga me za ta dafa wa mai jego ba in geronta ma abin tsoro ne. Shi kuma ya ce ba haka yake nufi ba, amma kunya ba za ta bar shi ya tsaya gabanta ya ba ta haƙuri ba, kuma a kan abincin yarinya bai janye ba.

Haihuwa ko yau ko gobe, ba ni da kowa a garin nan sai ita, tsoro nake ji ƙwarai. In fito da maganar waken ne ko in ci gaba da shiru? In sa yayansa ya kira shi, ko hakan zai ƙara ɓata abin? Me zan ce wa uwata ta zauna? Yau da safe da za ta haɗa shayi sai da ta tambaye ni ko an yarda ta taɓa sukarin gidan.