Sallah ba lalle

Daren Alhamis, jajiberin ƙaramar Sallah

Su Hadiza sun tafi ƙunshi tun la'asar, ni kuwa ina tsakar gida ina mulmula gullisuwar da za a kai wa dangin Baba a Baure. Da ƙyar na iya buɗe baki na ce Inna ta bar ni in bi su. Ta ce, "Da lalle a hannu za ki mulmula, uwata? Ai taki ce ba ta fashewa a mai."

Ina ma ban iya ba. A littafin da nake karantawa, zanen lallenta saurayin ya fara hangowa. Ni gobe haka zan fita, hannu fari fat, sai ƙanshin madara. Ga shi har Inna ta yi wa maƙwabta alkawarin ta babbar Sallah.