Kwamfutar Ta Firgita, Mama Kuma Tana Jiran Shaida

Anti mai fili, ina gaisuwa. Don girman Allah ki taimake ni kafin ranar Asabar, domin in ta riske ni a haka ban san da wane ido zan kalli mahaifiyata ba. Ki sakaya sunana, ana karanta jaridar nan a gidanmu.

Ni ma'aikacin kwamfuta ne a wani kamfanin jigilar kaya. Ina zaune da matata da yaranmu biyu da Mama, wadda ta dawo wurinmu bayan rasuwar Baba. A kusurwar falonmu, tsakanin firij da taga, akwai wata tsohuwar kwamfuta da na ceto daga ofis za a zubar. A cikinta muke ajiye hotunan iyali da takardun makarantar yara. Aibinta ɗaya ne: in aka ɗauke wuta tana cikin aiki, sai wani fayil ya lalace.

Sai na ce bari in gina mata sabon kanel da hannuna. Kanel shi ne zuciyar na'urar, shi ke raba wa kowane sashe aikinsa. Mai gina shi sai ya bi wani dogon jerin tambayoyi, kowace ya amsa mata da e, ko a'a, ko a ajiye a gefe sai an buƙata. Ina kan zaɓin tsarin ajiyar fayil mai rajista ke nan, Mama ta zo da kofin shayinta ta tsaya a kaina, ta tambayi abin da ya hana ni cin abinci tun safe. Ni kuma da zuciya ɗaya na ce mata ina koya wa na'urar ne ta riƙa rubuta komai a rajista kafin a yi shi, yadda ko wuta ta ɗauke za a san inda aka tsaya. Don in burge ta, na ƙara da cewa har na kunna wani zaɓi da ke sa ta bayyana abin da ta rubuta dalla-dalla. Mama ta ajiye kofi, ta gyara mayafi, ta fita daga falon a hankali kamar mai gudun tada jinjiri.

Washegari na dawo aiki na tarar an lulluɓe kwamfutar da zanen tebur. Gwaggona, wadda ke zuwa duk Talata ta feɗe auren mutanen unguwa daga kai har wutsiya, tun daga bakin ƙofa Mama ta ja ta kicin. Waya ma a bayan gida ake amsa ta. Nan na gane Mama ta ɗauka maganar mutane na'urar ke rubutawa. Anti, a ranar ya kamata in gyara zancen, na sani. Amma falon ya yi daɗi! Na kalli ƙwallo minti casa'in babu wanda ya tambaye ni dalilin da ya sa ban je gaishe da wane ba. Da rimot ya fashe yara suka ce ba su ba ne, kusurwar kawai na kalla, babban ya fashe da kuka ya amsa laifinsa. Mako uku ina shan wannan sarauta.

Ana nan sai ƙanwata ta zo da jaririnta. Ina ofis lokacin. Ita ta rantse matata ta ce kunnuwan yaron kamar hannun kofi. Matata ta ce ƙarya ne, cewa ta yi yana da kunnuwan masu arziki. Kuma a falo aka yi, domin garin murnar jariri kowa ya manta da kusurwa. Na shigo na tarar da ƙanwata tana kuka, matata ta naɗe hannu, Mama kuwa ta yaye zanen tebur tana jirana. Ta ce gardama ta ƙare, ai akwai shaida a gida, in buɗe rajista.

Maimakon in faɗi gaskiya, bakina ya ce bari in duba.

To dama a cikin makon na sake taɓa zaɓuɓɓukan, wai ina son kanel ɗin ya yi sauƙi. Tsarin ajiyar fayil ɗin na mayar da shi cikin na gefe, na cire ɗan ƙunshin da ke ɗauko na gefen lokacin tashi, kuma saboda tsabar yarda da kai na goge tsohon kanel. Tun lokacin tana kunne, ban kashe ta na sake tada ta ba. Don in sami minti biyu na shirya ƙarya, na kashe ta na kunna a gabansu. Ta ƙi tashi. Abin da take buƙata don ta karanta faifan ajiyarta yana cikin faifan, kamar wanda ya kulle ɗaki makullin yana ciki. Allon ya cika da rubutu, ƙanwata mai Turanci ta matso ta karanta, ta ce an rubuta wai kanel ya firgita. Mama ta yi salati, ta ce abin da na'urar ta ji ne ya razana ta. Ƙanwata ta ce ni na kashe ta da gangan don in rufa wa matata asiri.

Yanzu an kira Kawu, yayan Mama, zai zo ranar Asabar. An ce in gyara na'ura in bugo rajistar a takarda a karanta gaban kowa. Ƙanwata ta daina ɗaga wayata. Matata ta san tun farko babu wata rajistar magana, shi ya sa ta fi kowa ɗaga murya cewa a karanta. Da na keɓe da ita na roƙe ta ta gaya mini abin da ta faɗa, dariya ta yi ta ce in duba rajistata.

Na yi tunanin in rubuta takarda da kaina, in sa a ciki cewa kunnuwan masu arziki aka ce. Na kuma yi tunanin in ce na'urar ta mutu har abada. Amma jiya na ga Mama tsaye gabanta tana share hawaye, domin hotunan Baba na ƙarshe suna ciki, kuma ta ɗauka sun tafi. Anti, wanne zan yi?

Daga ɗan da ya yi shiru

*

Ɗana mai shiru, na karanta wasiƙarka na yi dariya har abokan aikina suka leƙo, amma da na zo kan hawayen Mama dariyar ta tsaya. Bari mu fara da na'ura, ita ce mai sauƙin lallashi.

Na kai wa mai kula da kwamfutocin ofishinmu zancenka. Ya ce hotunan suna nan daram, babu abin da ya taɓa su. Ka tada na'urar da filashi, ɗan ma'ajin nan da ake soka mata daga waje, ka fara kwafe hotunan Baba zuwa wuri biyu, ɗaya wayarka, kafin ka taɓa komai. Sannan ka sake gini: tsarin ajiyar fayil ɗin nan ka amsa masa da e, ya zauna cikin kanel ɗin kansa, ko kuwa ka mayar da ƙunshin da ka cire. Zaɓin bayani dalla-dalla ka kashe shi, na masu farautar matsala ne. Ya ce kuma kada ka sake goge tsohon kanel kafin sabo ya tashi a gaban idonka. Ya ƙara da cewa duk wannan ka san shi, kunya ce ta rufe maka ido.

Takardar ƙarya kuwa, ka fitar da ita daga ranka. In ka ba ƙanwarka takarda ta ga an ƙaryata kunnenta, ba za ta manta ba, kuma ranar da asiri ya tonu kai ne za ka zama maƙaryacin gidan. In ka ce na'ura ta mutu, ka kashe wa Mama hotunan mijinta don ka tsira da fuskarka. Wannan ciniki bai yi ba.

Ban ga wautar Mama ba. Ɗanta masani ya ce na'ura tana rubuta komai, ta yarda da shi. Kai ma ba ka shirya yaudara ba, ka tsinci dama ce ka yi shiru, kuma na fahimci mutumin da ke son hutawa a falonsa. Sai dai mako uku mahaifiyarka tana raɗa a gidan ɗanta, kana kallo. Wannan shi ne laifin, kuma shi za ka nemi gafara a kansa.

Kada ka jira Asabar. Gobe da safe ka same ta ita kaɗai, ka fara nuna mata hotunan Baba a wayarka don hankalinta ya kwanta, sannan ka gaya mata komai ba tare da kwana-kwana ba. Ka bar ta ita ta kira Kawu ta ce kada ya wahalar da kansa, ta fi ka sanin yadda za ta shirya masa zancen.

Matarka kuma ka ce mata wasan ya isa. Mai ɗaga murya a kira shaidar da ta san babu ita, ita ma tana da abin dubawa. Ko me ta faɗa, mai jego ta ji zafi a kan ɗanta, kuma wannan ya isa ta ɗauki ƙafa ta je ta ba da haƙuri. Ku tafi tare, kai ma akwai bayanin da ƙanwarka ke jira daga bakinka. Ka ɗauki yaron ka yabe shi sosai, amma kada ka kalli kunnensa.

Mama za ta yi fushi kwana biyu. Bayan nan za ta riƙa ba da labarin nan a duk inda dangi suka taru, kana zaune, har furfura ta fito maka. Hukuncinka ke nan, ka sunkuyar da kai ka karɓa. Allah ya jiƙan Baba, ya raya jariri, ya daidaita tsakaninku.